Dutsen da Muka Gada a Akokan

Wata safiya ta hunturu, ina darasin fassara da ƴan ajin ƙarshe na kwaleji, na rubuta musu jimla guda ta Faransanci a allo, irin wadda duk wanda ya ratsa lakwal a ƙasar nan ya hardace tun yana ƙarami, na ce su juya ta zuwa Hausa. Ma'anarta ita ce Nijar tana sahun gaba cikin ƙasashen duniya masu arzikin uraniyom. Ba su kai ga gamawa ba sai wata yarinya daga can bayan aji ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, in an cire uraniyom ɗin, sauran ƙasar da aka tono ina ake kai ta?" Na yi shiru. Kusan shekara ashirin ke nan ina riƙe da alli, na sha maimaita wannan jimla, na sha jayayya a kanta a fada da ɗakin malamai, amma ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba. Na ce mata ta dakace ni zuwa mako mai zuwa. Wannan rubutu shi ne amsar da na nemo, kuma na ga ya dace in fara gabatar da ita ga ƴan'uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyinmu na raya al'adu, domin kunyar da ta rufe ni a ranar tamu ce gaba ɗaya.

Amsar a taƙaice ita ce: ba a kai ta ko'ina. A gefen garin Akokan, kilomita kaɗan daga Arlit, akwai wani tsauni da hannun ɗan Adam ya gina. Tarin dusar ma'adini ne, kimanin ton miliyon 20, a kan fili mai faɗin hekta 120, wanda kamfanin COMINAK ya tara tun daga 1978, shekarar da ya fara fitar da uraniyom, har zuwa ranar 31 ga Maris 2021 da aka rufe ramin. Dalilin yawansa a fili yake. Cikin ton guda na dutsen da ake haƙowa, uraniyom bai wuce ƴan kilo kaɗan ba. Sai a niƙe dutsen, a jiƙa shi da ruwan asid, a tace abin da ake so, a mayar da shi gari rawaya, a ɗura a ganguna, a loda wa manyan motoci. Shekara da shekaru motocin nan sun yi ta ratsa Agadas da Tawa da Birnin Ƙonni da Dosso da Gaya zuwa bakin teku a Kwatano, muna kallon wucewarsu muna kurɓar shayi. Tsaba ta tafi Faransa, dusa kuwa, wadda ta haura kashi 99 cikin 100 na abin da aka tono, ta zauna mana. Kamfanin SOMAIR, wanda ya riga COMINAK fara aiki tun 1971, shi ma yana da nasa tarin a can gefe.

Dusar nan ba matacciya ba ce. Akwai wani abu da ke fita daga irin waɗannan ma'adinai, wanda Faransanci ke kira radioactivité, kowane gidan rediyo kuma da irin tasa fassarar. A nan zan kira shi tiririn ma'adini. Ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jin warinsa, fata ba ta jin zafinsa, amma yana ratsa jiki ya ɓata ƙwayoyin halitta sannu a hankali, har bayan shekaru ya iya haifar da ciwon daji. Cire uraniyom daga dutse ba ya tafiya da shi duka, domin kusan kashi huɗu cikin biyar na tiririn yana wanzuwa a dusar, cikin wasu ma'adinai da ake kira radiyom da toriyom. Daga cikinta kuma wata iska mai suna radon take tashi, wadda likitocin duniya suka tabbatar tana jawo ciwon dajin huhu. Radiyom yana bukatar shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, toriyom ɗin da ke haifar da shi kuwa kimanin shekara 75,000. Mu auna da abin da muka sani: sarautar Agadas, wadda muke tinƙaho da daɗewarta, shekararta 600 ne da ƴan kai. Ramin Akokan ya yi aiki shekara 43, ya bar mana gadon da zai fi dukan tarihin da muke koyarwa tsawon rai.

To ga abin da nake tuhumarmu da shi. Fiye da rabin ƙarni muna rigimar uraniyom, amma rigimar ba ta wuce tambayoyi biyu ba: nawa za a saya, kuma wa ke da shi. A farkon 1974 shugaba Diori Hamani ya matsa wa Faransa lamba kan farashi, kafin sojoji su kifar da shi ranar 15 ga Afrilu na wannan shekara, suna kafa hujja da yunwa da almundahana. Zamanin Seyni Kountché farashi ya hau, aka gina otal ɗin Gaweye da babban ɗakin taro a Yamai, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, sannan farashi ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya biyo baya. A 2007 shugaba Mamadou Tandja ya tilasta wa Areva ɗaga kuɗin kilo daga jika 27 da ƴan kai zuwa jika 40, a 2008 ya kai jika 55. A watan Mayu na 2014, bayan doguwar tattaunawa da gwagwarmayar ƙungiyoyin fararen hula irin su ROTAB, gwamnatin Mahamadou Issoufou ta sa kamfanin ya amince da dokar ma'adinai ta 2006, wadda ke iya ɗaga harajin haƙa daga kashi 5.5 har zuwa 12 cikin 100. Duk wannan kokawa ce ta halas, ban raina ko ɗaya ba. Alƙaluman da Oxfam da ROTAB suka bayar sun nuna cewa a 2010 uraniyom ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar ta sayar a waje, alhali bai kai kashi 6 na arzikin cikin gida ba. Faransa kuma, wadda kusan kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga nukiliya yake, ta samu kusan kashi ɗaya cikin biyar na uraniyom ɗinta daga wurinmu tsakanin 2012 da 2022, lokacin da ƴan Nijar huɗu cikin biyar ba su da wutar lantarki a gida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai a dukan waɗannan zagaye ban ga ranar da muka cika tituna a Maraɗi ko Damagaram saboda ruwan da yaron Akokan yake sha ba, ko saboda huhun leburan da ya sauka mita 250 ƙarƙashin ƙasa.

Kada wani ya ce labari bai zo mana ba. Tun farkon shekarun 2000 ƙungiyar Aghir In'Man ta Arlit, ƙarƙashin Almoustapha Alhacen, wanda shi kansa ma'aikacin ma'adinai ne, take ta kwarmato. A watan Disamba na 2003 ta gayyato masanan ɗakin binciken CRIIRAD na Faransa tare da ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa, suka tarar da ƙarafan da suka fito daga masana'anta, masu ɗauke da tiriri, ana sayar da su a kasuwa, talakawa suna saye suna rufin ɗaki da ƙera kayan gida. A watan Nuwamba na 2009 ƙungiyar Greenpeace ta je ta yi nata awon, rahotonta na 2010 ya ce cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗiba a yankin Arlit, huɗu sun wuce iyakar uraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata, kuma a wani titin Akokan tiririn ya ninka abin da aka saba gani har kusan sau 500, saboda an yi ciko da duwatsun rami. Ruwan da ake magana a kansa tsohon ruwa ne na ƙarƙashin hamada, wanda ya taru tun zamanin da Sahara take da damina. Abin da aka zuƙe daga cikinsa ba ya dawowa a rayuwarmu ko ta jikokinmu.

Adalci ya wajabta in kawo maganar kamfani. Areva, wadda ta koma Orano a 2018, ta dage cewa abin da ke isa jikin mazauna gari bai wuce iyakar doka ba, ta nuna asibitoci biyu da ta gina inda ake duba mutane, ta kwashe cikon titunan da aka nuna mata, kuma a ƙarshen 2011 aka kafa cibiyar sa ido kan lafiyar tsofaffin ma'aikata a jihar Agadas. Gaskiya ne kuma cewa albashin Arlit ya gina gidaje da yawa a Tawa da Maraɗi da Damagaram, ya kai iyaye Makka, ya biya karatun wasu daga cikinmu. Amma shekara ɗaya da kafa cibiyar, Sherpa, wadda da ita aka tsara ta, ta janye hannunta tana cewa abin ya zama na neman suna. Tambayar da ta rage tambayar ɗa'a ce mai sauƙi, wadda ko ɗan ajin farko zai gane: wanda ake tuhuma, shi ne zai riƙe ma'auni, shi ne kuma zai ɗauki likitan da zai faɗi sunan ciwo?

Akwai wata shari'a da ya kamata kowane malami ya sani. Wani Bafaranshe mai suna Serge Venel ya yi aiki a COMINAK daga 1978 zuwa 1985, ya rasu a 2009 da ciwon dajin huhu. Iyalinsa suka kai ƙara, a 2012 wata kotu a garin Melun ta ɗora wa Areva laifi. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa ba Areva ce ta ɗauke shi aiki ba, COMINAK ce, ita kuwa kamfani ne mai rajistar Nijar. Ku dubi wannan dabara da kyau: lokacin raba riba uwa ɗaya uba ɗaya ne, lokacin ɗaukar alhaki kuwa kowa gidansa daban. In Bature mai lauya da takardun likita da jaridun ƙasarsa ya tashi a tutar babu, ina labarin mutumin Bouza ko Tanout da ya gama ƙarfinsa a rami, ya koma ƙauye yana tari, ya rasu aka ce ajali? Ajali gaskiya ne, amma ajali bai taɓa wanke wanda ya yi sakaci ba. Da aka rufe COMINAK, ma'aikatanta kimanin 600 sun samu kuɗin sallama, ɗaruruwan da suka yi aiki ƙarƙashin ƴan kwangila kuwa, waɗanda suka shaƙi ƙura ɗaya da su, ba a saka su cikin wannan tsari ba. Mu malamai, da muka san abin da kalmar ɗan kwantaragi take nufi a farfajiyar makarantunmu, bai kamata a yi mana dogon bayani ba.

Yanzu bari in juyo gida, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gwamnatin Nijar ba ƴar kallo ba ce a wannan harka. Tana da kashi 31 cikin 100 na jarin COMINAK, kuma kafin a mayar da SOMAIR mallakar ƙasa a 2025 ta riƙe sama da kashi 36 na jarinta. Wakilanta sun zauna a kujerun gudanarwa, sun sa hannu, sun karɓi rabonsu, a mulkin soja da na farar hula. Da masanan CRIIRAD suka sauka Yamai a 2003, a filin jirginmu aka riƙe musu manyan na'urorin awo, kuma hannun da ya riƙe su hannun ɗan ƙasa ne. Dokar 2006 ta ce kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai na ƙananan hukumomin yankin da aka haƙo ne, amma magadan garuruwan jihar Agadas sun shekara suna kukan bashin da baitulmali ya riƙe musu. Kundin tsarin mulki na 2010, wanda aka dakatar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya wajabta a buga yarjejeniyoyin ma'adinai a jaridar gwamnati, ya kuma yi tanadin asusu domin ƴan baya. Mu nawa ne muka taɓa neman a nuna mana wannan asusu? Hanyar uraniyom kanta ta lalace shekaru da dama har direbobi suna gwammace bin gefenta, alhali arzikin ƙasa a kanta yake wucewa.

Wanda yake ganin duk sharrin daga ƙetare yake, ya tuna Ɗan Isa. A 2021 aka gano zinariya a can, kudu da Maraɗi, dubban samari suka kwarara, a watan Nuwamba ramuka suka rufta a Garin Liman, aƙalla mutum 18 suka mutu. Babu Bature ko ɗaya a bakin ramin. Masu ramuka namu ne, masu sayen zinariya namu ne, waɗanda ƙasa ta binne ƴaƴanmu ne, wasu ma sa'o'in ɗalibanmu. Mun yi ta'aziyya, mun ce Allah ya jiƙansu, muka wuce. Wannan ya nuna mini cewa cutar da ta bar dutse a Akokan ba ta da launin fata: ita ce ɗaukar abin da ke cikin ƙasa da daraja fiye da wanda ya shiga ya tono shi, da wanda zai zauna a kanta bayan an tashi.

A watan Yuni na 2024 hukumomi suka karɓe lasisin Imouraren daga Orano, ranar 19 ga Yuni 2025 kuma suka ba da sanarwar mayar da SOMAIR mallakar ƙasa; kamfanin ya kai ƙara gaban kotun sasanta rigingimun jari ta duniya. Jama'a da yawa sun yi murna, kuma na fahimci murnar, domin wanda aka daɗe ana yi wa rabon kura ba a hana shi guɗa ranar da ya riƙe wuƙa. Amma ina roƙon masu guɗa su saurara kaɗan. Wanda ya gaji gona ya gaji ƙayarta. Sauya suna a ƙofar masana'anta bai rage ko cokali ɗaya na radon ba, kuma huhun lebura bai san tutar da ke kaɗawa a saman ofis ba. A da, in rijiya ta gurɓace, muna da wanda za mu nuna da yatsa a Paris. Daga yanzu ma'aunin yana hannunmu, likitan namu ne, alƙalin namu ne. In muka ci gaba da haƙa ba tare da awo ba, ko muka miƙa ramukan ga wani sabon baƙo daga gabas ko yamma bisa yarjejeniyar da ba wanda ya karanta, to mun sauya ubangida ne kawai, lebura yana nan inda yake.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa mini a ɗakin malamai. Wasu sun ce wannan ba lokacin irin wannan magana ba ne, ƙasa tana cikin kokawa, tona aibin gida taimakon abokin gaba ne. Amsata ita ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya ce a auna ruwan Arlit ya fi ƙaunar Nijar a kan wanda ya ce a rufe baki, domin mutanen Arlit su ne Nijar ɗin. Wasu kuma sun ce ƙasa matalauciya ba ta da halin tsabtar masu kuɗi, a bari mu ƙoshi tukuna. Wannan ita ce hujjar da aka yi shekara 50 ana ba mu, ga shi ba mu ƙoshi ba, ga kuma dutsen. Na'urar awon tiriri ba ta kai kuɗin motar ofis guda ba. Abin da ya yi mana ƙaranci niyya ce.

Ban ce a daina haƙa ba. Abin da nake nema ya fi haka sauƙi, ya kuma fi shi wuya. Da farko, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: alƙawarin da aka yi a 2021 na rufe tarin Akokan da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita 2, da sa ido a kan ruwan ƙasa bayan haka, bashi ne a wuyan duk masu jarin COMINAK, Orano a gaba, gwamnatinmu a bayanta, kuma rigimar da ke tsakaninsu ba hujja ba ce ta barin dusar a buɗe ga iskar hunturu. Na biyu, a ba masananmu na jami'o'in Yamai da Agadas kayan aiki da ƴancin auna ruwa da iska da ƙasa, a liƙa sakamakon a ƙofar magajin gari, a karanta shi a rediyo da Tamajak da Hausa. Na uku, a buɗe rajistar duk wanda ya taɓa aiki a ramukan nan, na kamfani da na ɗan kwangila, a bi su har ƙauyukansu a duba lafiyarsu, likitan kuma kada albashinsa ya fito daga aljihun mai rami. Na huɗu, duk yarjejeniyar da za a ƙulla, kan uraniyom ko man Agadem ko zinariyar Djado, a buga ta kowa ya gani, kuma tun ranar da aka sara ƙasa a fara ware kuɗin gyaranta a asusun da ba mai taɓawa.

Saura namu, mu masu alli da masu ƙungiyoyi. Mun yi wa ƴaƴanmu rowar rabin gaskiya: mun koya musu matsayin ƙasarsu a jerin masu arziki, ba mu koya musu abin da arzikin ya bari a baya ba. Hausar da ta samo wa jirgin sama da wayar salula suna ba za ta gaza samo wa wannan guba suna ba, kuma mutum ba ya gudun abin da ba a faɗa masa sunansa ba. Mu zauna da malaman kimiyya da masu Tamajak mu tsayar da kalmomi, mu sa su a darasi, mu sa su a wasan kwaikwayo na ƙarshen shekara, mu kai su rediyon karkara, yadda matar da ta ga tsohon bututun masana'anta a kasuwa da araha za ta san dalilin da zai sa ta bar shi a wurin.

Da mako ya zagayo na koma aji na ba yarinyar amsarta, na rubuta ton miliyon 20 a allo, na rubuta shekara 1,600 a ƙarƙashinsa. Ta kwafe a littafinta, ta ɗago kai ta ce: "To Mushe, wa zai yi gadinsa?" Na dubi ajin, su sittin da wani abu, babbansu bai wuce shekara goma sha bakwai ba. Na ce mata: ku ne, da ƴaƴanku, kuma ba wanda ya shawarce ku.